Masu Jinyar Manyan Motoci: Aikin Yana Ƙarƙashi

Alhaji ya sayo jif daga Kwatano, fenti na walƙiya, kujeru na ƙamshi. Kowa na taya shi murna, amma bakaniken da ya san aikinsa ba zai ce uffan ba sai an hau da ita kan rami. Zai sauka da tocila da ƙaramar guduma, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har inda safayar taya ke rataye. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi. Wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji "ɓus", ɓawo na zubo masa a hula.

Dalilin wannan bincike shi ne asalin motar. Yawancin Tundra, Sequoia, Tahoe da F-150 da ke shigo mana sun yi rayuwarsu ta farko a Amurka ko Kanada. A jihohi irin su Mishigan da Ohayo ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana shiga cikin shasi ya kwanta, yana ci daga ciki. Abin bai tsaya kan ƙananan kamfanoni ba: a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 kan ruɓewar shasin wasu Tacoma, Tundra da Sequoia da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010. Ford ta mayar da bodin F-150 na alminiyam tun 2015, amma shasinta har gobe ƙarfe ne. Don haka ƙyallin sama kyan ɗan maciji ne.

A nan ake rarrabe gwani da ɗan a-ci-yau. Gwani yana kankare wurin har sai farin ƙarfe ya bayyana. In ya huje, ya yanke ruɓaɓɓen, ya auno ƙarfe mai kaurin na asali, mai walda ya ɗinke, sannan a shafa fentin kariya kafin na ado. Yana kuma duba siraran bututun man birki da ke bin jikin shasi, domin su tsatsa ke fara hudawa, kuma ba sa sallama kafin su fashe. Ɗan a-ci-yau kuwa fila zai cusa a ramin, ya fesa baƙin fenti, ya karɓi kuɗinsa. A ganina wannan ya wuce ha'inci, wasa da rayuka ne. Haka ma al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota bayan wanki: yana ɗan tare danshi, amma yana lalata robobi, ƙura kuma ta manne.

Sai batun canza wili, wanda samari ke so don a-kori-kurarsu ta yi kwarjini. Mutum ya ƙirga huji shida a jikin wili a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna, ya ɗauka an gama. Ina! Hilux da Prado hujinsu shida ne a kan da'irar milimita 139.7, na F-150 ma shida ne amma a kan 135, ba za su taɓa shiga juna ba. Land Cruiser 200 kuwa biyar gare ta. Ko da huji ya dace, sai an duba faɗin ramin tsakiya, da irin notin, domin na wilin alminiyam na Toyota mai washa ne, ba irin na wilin ƙarfe ba. Oga nagari yana koya wa yaronsa ɗaure noti a tsallake, wannan sai na daura da shi, ba a jere ba, kuma yana hana shi hawa kan sifana yana tsalle, abin da ke tsinke kusoshi. Bayan tafiyar kilomita kamar 100 a dawo a sake gwada su.

Busasshiyar iskarmu ta arewa tana rage wa tsatsa gudu, amma lakar damina da ta daskare cikin shasi tana riƙe ruwa. A wanke ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi idan damina ta ɗauke. Kai kuma mai shirin sayen jif, kada ka biya ko sisi sai bakanikenka, ba na dillali ba, ya shiga rami da gudumarsa.