Notin Juyen Mai: Ɗan Ƙarfen Da Ke Kashe Inji A Hanyoyin Kafanchan

Tun shekarar 1927 garin Kafanchan ya zama mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma Jos. Da zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya, sai jigilar mutane da kaya ta koma kan mota: cittar Kwoi da Kachia, fasinjan Zonkwa da Kagoro, duk bisa taya suke tafiya. Motar da ke wannan aiki kuwa ba ta daɗewa ba a yi mata juyen baƙin mai ba, kuma a duk juye sai an kwance wani ɗan noti da ke ƙarƙashin kaskon inji, wanda kanikawa ke kira botom filet. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma shi ke tare da man injin baki ɗaya, kimanin lita 4 a yawancin ƙananan motoci.

Idan notin nan ya cije, direba yakan ɗora laifin a kan tsatsa ko ruwan damina. Alhali kuwa notin da ke jiƙe cikin mai dare da rana ba safai yake tsatsa ba. Ɓarnar tun ranar juyen baya aka yi ta. Tsakanin kan notin da jikin kasko akwai washa ta jan ƙarfe ko alminiyam, wadda aikinta shi ne ta lotse sau ɗaya ta toshe kafa. In an mayar da tsohuwa, mai yakan riƙa tsattsafowa, sai yaron gareji ya ƙara ɗaurewa, wani lokaci har ya zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Masu ƙera motoci kuwa ɗauri kaɗan suka nema: a sifana mai tsawon ƙafa ɗaya, ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo 10 zuwa 14 ba ya wadatar.

A da can abin bai yi tsanani haka ba. Lokacin da kamfanin Fijo ya fara haɗa 504 a Kaduna cikin 1975, yawancin motoci kaskonsu na baƙin ƙarfe ne, mai jure wulakanci. Da yawa daga cikin motocin Tokumbo da suka biyo baya kaskonsu na alminiyam ne, notin kuma na ƙarfe. To, in ƙarfe da alminiyam suka yi kokawa, zaren da ke jikin kasko ne ke cinyewa, shi ne kuma mai tsada.

Bakanike mai haƙuri ba ya farawa da guduma. Yakan bar inji ya ɗan yi ɗumi, ya ɗora motar a kan rami ko ya tokare ta da abin da ya fi jak aminci, ya share laka daga kan notin, sa'an nan ya nemi soket mai kusurwa shida wanda ya yi daidai da shi cif. Yawancin Toyota lamba 14 suke ci, Honda 17, Golf kuwa 19. Sifana mai buɗaɗɗen baki da wadda ake gyara wa baki su ne ke shafe kan noti. Akwai kuma wani abin ban haushi: wanda ke tsaye yana miƙa hannu daga sama yakan rikice da hagu da dama, ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. Ga mai kallon kan notin, hagu ake murzawa. Bugu ɗaya mai kauri da tafin hannu a ƙarshen sifana ya fi ja a hankali tasiri.

In kan ya riga ya shafe, akwai matakai. Ana iya buga soket wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta da guduma har ya kama, ko a goge gefe biyu da zarto a cafke shi da filaya mai kullewa. Bayan wannan sai cizal, a kafa shi a gefen kan notin a riƙa bugawa ta hagu, sai dai kaskon alminiyam yana tsagewa in hannu ya kuskure. Mataki na ƙarshe shi ne mai walda ya liƙa wani noti a kan tsohon, kuma zafin waldar kansa yakan taimaka ya saki. Amma wuta ce a gindin mai, saboda haka dole a cire kan batir, a tabbata babu yoyon fetur, a ajiye yashi kusa.

Wani abu da direbobi ke mantawa shi ne, notin da ya cije ba ya yoyo. Wanda abin ya same shi a ƙauye da yamma, gara ya ƙara mai ya ƙaraso gari da a fasa masa kasko a inda babu wani. Ana ma iya zuƙe tsohon man da famfo ta kafar da ake zura sandar gwajin mai.

Haɗarin gaske yana ga notin da zarensa ya cinye, wanda ke juyawa ba ya kamawa. Nan ne ake ganin dabarun ƙarya: a naɗa masa leda ko farin tef na masu famfo, a shafe da gam, a ce wa mai mota, maigida, je ka kawai. Zafi da jijjiga ba sa barin irin wannan ɗauri. In ya faɗi a hanyar Gidan Waya ko hawan Kagoro, man zai tsiyaye cikin ɗan lokaci, jar fitilar mai ta kama, in direba bai kashe inji nan take ba sai inji ya buga. Kuɗin washa ya koma kuɗin sauke inji, ga fasinja a daji.

Gyaran ƙwarai iri uku ne. Ko a yanka sabon zare a sa noti mai ɗan ƙarin kauri, ko a dasa zaren ƙarfe irin na Helicoil a mayar da noti mai girman na asali, ko kuma a sake kaskon ɗungum, wanda in ba a samu a Kafanchan ba akan aika Jos ko Panteka ta Kaduna. Wajen yanka zare ana shafa wa ƙarfen yankan giris domin ya kama ɓarɓashi, a kuma zuba ɗan mai ya wanko saura kafin a rufe.

Mai mota yana da nasa rabon aikin. Ya tsaya a wurin juye, ya sayi sabuwar washa, ya ga an fara murza notin da yatsu har ya kusa zama kafin sifana ta taɓa shi, domin notin da ya ƙi shiga da hannu ya hau zare a karkace ne. Washegari da safe kuma ya duƙa ya dubi ƙasan inda motar ta kwana.