Zanzibar Cikin Ruwan Masika

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke gasa Sakkwato da Maiduguri har mutane su kwana a tsakar gida suna fifita, masu otal-otal a tsibirin Zanzibar kukan rashin baƙi suke yi. Ruwan sama ne ya kore su. Baturen da ya shekara yana tara kuɗi don ya zo ya shanya jikinsa a bakin teku ba zai biya kuɗin jirgi ya zo ya zauna a ɗaki yana kallon hadari ba. Da baƙi sun janye sai farashi ya faɗo. Mu kuwa da rana ta ishe mu har ta yi yawa, abin da Bature yake gudu shi muke roƙon Allah ya kawo mana. Don haka duk wanda Allah ya hore masa kuɗin yawon buɗe ido, wannan lokaci ya cancanci ya dube shi da kyau, amma ya san abin da zai tarar.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar da aka yi da Tanganyika a 1964, kuma manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ita ce wadda yawancin baƙi ke nufi idan sun ce za su Zanzibar. Damina biyu gare su a shekara. Ƙaramar, wadda suke kira vuli, tana zuwa wajen Nuwamba da Disamba, ruwanta na yi yana ɗaukewa. Babbar ita ce masika, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Tana faɗowa ne a lokacin da iskar Tekun Indiya ke juyawa, iskar arewa da suke kira kaskazi ta kwanta, ta kudu mai suna kusi ta fara tasowa. Da waɗannan iskoki biyu ne jiragen ruwa masu filafilai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da komo tsakanin tsibirin da ƙasashen Larabawa da Indiya. Ruwan da ke sauka a Afrilu kaɗai yakan haura milimita 300, wato ya fi abin da Agadas ke samu a shekara biyu.

Masu tallar otal za su ce maka ai ruwan na awa ɗaya ne ko biyu, daga nan rana ta fito. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma sai a yi kwana biyu ko uku ana tafkawa kamar da bakin ƙwarya, kayan da ka wanke su ƙi bushewa, takalmin fata ya fara furfura a cikin jaka. Wanda ya ware kwana uku kacal caca ya yi. Wanda ya ware mako guda da wuya ya rasa ranaku masu haske.

Abin da ake asara a fili yake. Ruwan teku yakan gurɓace bayan an sha ruwa, masu son leƙa kifaye a kusa da tsibirin Mnemba ba za su ga abin da suka gani a hoto ba. Mai kwale-kwale yana iya soke tafiya da safe saboda igiyar ruwa, kuma idan ya ce ba za a fita ba, kada ka matsa masa don ka riga ka biya. Ya fi ka sanin teku. Wasu otal-otal na bakin ruwa a Nungwi da Paje da Jambiani rufewa suke yi gaba ɗaya a Afrilu da Mayu don gyara, musamman rufin ganyen kwakwa da suke kira makuti. Wanda bai rufe ba ma, sai ka tarar an kulle rabin ɗakunan cin abinci, ko kafinta na buga guduma a bayan tagarka. Kafin ka tura ko sisi, ka tambaye su ƙarara ko ana gini, da kuma abin da ke buɗe.

A ganina, mai zuwa a wannan lokaci tsohon birni ya kamata ya sa a gaba, wanda 'yan gari ke kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa sun yi ƙunci har mota ba ta shiga yawancinsu, kamar dai cikin tsohon birnin Kano ko Zariya, sai dai benaye ne na dutsen teku masu ƙofofin katako da aka sassaƙa. A jikin gidajen akwai dakali, su suna ce masa baraza. Da rani wurin hira ne. Idan ruwa ya sauko kuwa, lungu kan koma kwata, ruwa na gudu har idon sawu yana neman hanyar teku, sai ka ga mutane sun ɗare dakalin suna tafiya a kansa daga gida zuwa gida, 'yan makaranta riƙe da takalma a hannu, dattijo ya tattare jallabiyarsa. A wata kusurwa mai gahawa yana zaune da butarsa a kan garwashi, yana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, ana haɗawa da kashata, wata alewar gyaɗa ko kwakwa. Nan za ka fake, kuma da yake ba cincirindon baƙi, mutane na da lokacinka. Da ka yi sallama an amsa, domin kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci kuwa ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga wani ba. Kunnenka ma zai riƙa tsintar kalmomin da ya sani: habari da labari, sabuni da sabulu, duk daga Larabci muka aro.

Haka ma kanumfari, wanda su ke kira karafuu. Shi ne ya gina arzikin tsibirin bayan Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, kuma bayi ne suka noma shi. Sai a 1873 aka rufe babbar kasuwar bayi ta birnin, inda yanzu cocin Angilika yake tsaye. Gonakin kayan yaji da ke bayan gari sun fi kyau da damina. Mai yi maka jagora zai murje ganye ya miƙo maka ka shinshina, ya kankare ɓawon kirfa da wuƙa, ya tono citta da kurkur daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Matar da ta saba sayen masoro a ƙulli a kasuwar Kurmi za ta gan shi yana nannaɗe da bishiya. Taɓo dai sai haƙuri, haka ma a dajin Jozani inda ake samun wasu jajayen birai.

Maganar lafiya ba ta da tsawo. Sauro yana ƙaruwa da damina, sai a kwana cikin gidan sauro, a kuma ga likita kafin a taso. An taɓa fama da kwalara a tsibirin a lokutan ruwa, don haka ruwan gora za a sha, abincin titi kuma a ci wanda aka sauke daga wuta a gabanka. Mai fitowa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin shawara, ana tambaya. Tun daga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da suna da wata. Jirgin ruwa daga Darussalam tafiyar kamar awa biyu ce, amma ranar da teku ta tashi mai raunin ciki zai gwammace ya hau jirgin sama. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne agogon Suwahili: daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Idan direba ya ce maka ƙarfe biyu, tambaye shi na wane agogo.

Arahar nan da baƙo ke murna da ita, a jikin wani take fita. Da otal ya rufe, ma'aikatan wucin gadi gida suke komawa, direban tasi ya wuni a tasha bai ɗauki kowa ba, mai sayar da zannuwan kanga ta buɗe shago ta rufe ba ta yi ciniki ba. Bahaushe ba a koya masa tayi, kuma a wannan lokaci duk abin da ka taya da wuya a ce maka albarka. Ni dai da otal nake ganin ya dace a ja ciniki, tunda ɗakin ko ka shiga ko ba ka shiga ba a kulle zai kwana. Yaron da ya hau bishiyar kwakwa cikin yayyafi ya saro maka ɗanya, ya fafe ta ya miƙo maka, wataƙila kai kaɗai ne cinikinsa na ranar.