Tafiya da moto cikin hamada

A arewacin ƙasar Nijar, hanyoyi da yawa ba su da gudron. Wasu tsakuwa ce da duwatsu, wasu kuma rairayi ne tsantsa. Daga Agadas zuwa Bilma, matafiyi yana ƙetare Tenere, ya yi ɗaruruwan kilomita bai ga gari ba. Ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri sun daɗe suna bin wannan hanya. Akwai kuma masu binta da moto.

Hanyar tsakuwa tana da wuya. Yawan wucewar motoci yana sa ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. Moto ya yi ta girgiza, kusoshi su kwance, duwatsu masu kaifi su huda taya. Shi ya sa matuƙi yake tafiya da abin faci, da famfo, da kayan gyara. Ba ya rabuwa da hular kwano.

A cikin rairayi, dabara ta bambanta. Matuƙi yana rage iskar taya don ta baje bisa ƙasa kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. Yana miƙewa tsaye bisa matakan ƙafa, ya maida nauyinsa baya. Ba ya kama birkin gaba da ƙarfi, don tayar gaba sai ta kafe ta kada shi. Da yamma yana share matatar iska, saboda ƙura tana kashe inji.

Babban haɗari shi ne ƙishirwa da ɓata. Iska tana shafe sawu cikin ɗan lokaci. Matafiyi mai hankali yana ɗaukar ruwa da mai fiye da abin da yake bukata. Ba ya tafiya shi kaɗai, kuma yana neman jagora wanda ya san rijiyoyi. Idan ya ɓata, yana zama kusa da motonsa, don masu nema sun fi saurin hango moto da sawunsa.

A 1977, wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata da motonsa cikin hamada lokacin wani tsere. Da ƙyar aka same shi da rai. Bayan ya koma gida, sai ya shirya tseren Pari zuwa Dakar. An tashi ranar 26 ga Disamba 1978, aka bi ta Aljeriya, da Agadas, da Yamai, da Mali. Cikin motoci da moto 182 da suka tashi, 74 kaɗai suka isa Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya bisa moto Yamaha. A 1983, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere 40 cikin Tenere, aka yi kwanaki ana nemansu kafin a same su duka.

Tseren ya jawo asarar rayuka, har da ta yaran ƙauyuka da suka fito kallo bakin hanya. An daina yinsa a Afirka bayan 2007. Tun 2020 a Saudiyya ake yinsa. Amma hamada tana nan yadda take: mai shiri da haƙuri ne yake ƙetare ta, mai gaggawa kuwa yakan kwana a hanya.

Tambayoyi
1. Mi ya sa matuƙi yake rage iskar taya cikin rairayi?
2. Waɗanne kaya matafiyi yake ɗauka?
3. Mi ya kamata wanda ya ɓata ya yi?
4. Moto da motoci nawa ne ba su isa Dakar ba a tseren farko?