Darɓa, zafi da cutar tsirrai: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Darɓa, ƙwaron nan da ke dafifi a ƙarƙashin ganyen wake da gyaɗa, ba tsotson ruwan ganye kaɗai take yi ba. Ita ke yawo da ƙwayoyin bairas daga shuka zuwa shuka, kuma yanayin zafi da sanyi ne ke yanke irin ɓarnar da za ta biyo baya.

Haihuwa ba namiji. Macen darɓa haihuwa take yi ba tare da barbara ba, 'yar kuma tana fitowa da cikinta. In akwai ɗumi, cikin mako guda ita ma ta fara haihuwa.

Garkuwar da zafi ke karyawa. Akwai irin dankalin Turawa da ke tare bairas ɗin da ake kira PVY a digiri 20 na Salshiyas. Da zafi ya kai 28, sai garkuwar ta faɗi, cutar ta bazu.

Zafi kuma magani ne. Wajen 1950, masu bincike a Ingila suka ajiye irin dankali a digiri 37 na 'yan makonni. Bairas mai nannaɗe ganye da ke cikinsa ya mutu, dankalin ya tsiro lafiya lau.

Cuta mai ɓuya. Wasu shuke-shuken kan daina nuna alama in an yi zafi. Ganye kore shar, amma ƙwayar tana ciki, darɓa na ta kwasa.

Hunturu mara cizo. A 2020, sanyi bai kashe darɓa ba a Ingila. Ta fito da wuri ta yaɗa cuta, manoman tushen da ake yin sukari da shi suka yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Amfanin sanyi. Sukotilan ta shahara da irin dankali ne saboda sanyi da iska na rage darɓa.

Namu na gida. A 1975, kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata hekta kusan 700,000 a Arewacin Najeriya.

Tana son gona mai giɓi. Darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin shuka.

Don haka, malam manomi, shuka gyaɗarka da wuri, ka cike giɓi, ka tuge wadda ta kamu tun cutar ba ta bazu ba.