Tsutsar Masara: Faɗa-wutar da Ke Ƙetare Iyakar Jibiya da Dare

Tsutsar da ke cin masara a gonakin Jibiya da na Ɗan Isa, tsallaken iyaka ta wajen Maraɗi, 'yar wata faɗa-wuta ce mai suna Spodoptera frugiperda a wurin masana. Uwar ba ta da girma. Idan ta buɗe fukafukanta ba su wuce santimita 4 ba, na gaba ruwan toka-toka, na baya farare. Da rana tana laɓe cikin ganye, da dare take tashi, kuma idan iska ta taimake ta tana iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Shi ya sa rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda aka sake yi a 2023, ya tsayar da motocin kaya amma bai taɓa ta ba.

Asalinta ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne. Ba ta jure sanyi, don haka a kudancin Fulorida da Tekzas take wuce hunturu, sai ta yi ta hayayyafa tana matsawa arewa har Kanada. Lokacin da ɓarnarta ke bayyana a can shi ne kaka, kuma daga nan sunanta na Turanci ya fito, wato "fall armyworm": kalmar farko kaka take nufi, ta biyu kuma tsutsar runduna, domin idan tsutsotsin suka cinye gona sukan dunguma zuwa ta gaba kamar mayaƙa. A ƙasar Hausa rabin sunan nan bai dace da ita ba, domin tun shuka tana ƙarama, a farkon damina, take faɗa mata.

Sunan kimiyyar ya fi daɗewa. A 1797 wani masanin Ingila, James Edward Smith, ya raɗa mata frugiperda, daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar amfanin gona da halakarwa. Spodoptera kuwa Girkanci ne, ma'anarsa fiffike mai launin toka.

A Afirka an fara tabbatar da ita a Janairun 2016, a kudu maso yammacin Najeriya, inda masanan cibiyar IITA ta Ibadan suka gane ta. A 2018 ta isa Indiya, a 2020 ta shiga Ostareliya. Mace ɗaya takan yi ƙwai sama da 1,000, kuma a lokacin zafi wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa. Noman rani, irin wanda ake yi da ruwan madatsar Jibiya, yana samar mata da ɗanyen ganye bayan damina ta wuce.

Gane tsutsar ba wuya. A goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, a kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe. Tana shigewa zuciyar shukar, inda sabon ganye yake naɗe, ta bar kashi kamar dusar katako, kuma a nan feshin magani yake kasa cim mata. Wasu manoma kan zuba toka ko yashi a wurin, wasu kuma ruwan 'ya'yan dalbejiya. Masana sun sami wani ɗan mitsitsin zanzaro a Nijar, Telenomus remus, wanda ke saka ƙwansa cikin nata, ya kashe tsutsar tun kafin ta ƙyanƙyashe.