Nadar: Masu Hawan Giginya da Suka Ƙi Ɗaukar Kwando

A ƙuryar kudancin Indiya, wajen Tirunelbeli da Kanyakumari a jihar Tamil Nadu, akwai ƙasa mai jan yashi da ƙarancin ruwa, inda giginya ta fi kowace bishiya yawa. 'Yar'uwar tamu ce, wadda muke cin murucinta, muke rufin ɗaki da azararta. A gindinta al'ummar Nadar, waɗanda a da ake kira Shanar, suka taso.

Sana'arsu ta gado ita ce tatsar ruwan giginya. Maigida zai hau bishiyoyi da dama safe da yamma, ya ɗan yanke bakin furen, ya rataya tukunya. Sukan shafa farar ƙasa a cikin tukunyar don kada ruwan ya yi tsami ya koma bammi. Matan gida su dafa shi har ya daskare, ya zama wani abu kamar mazarƙwaila da suke kira karupatti. To amma tunda ruwan kan zama abin maye, sai tsarin jinsi na Hindu, wanda ke ɗaure mutum da sana'ar kakansa, ya ajiye su can ƙasa. Aka hana su shiga manyan gidajen bauta. A masarautar Tarabankor kuwa har rufe ƙirji aka hana matansu. Wannan wulaƙanci ne da ba shi da wani uzuri, kuma matan ba su lamunta ba. An yi ta tarzoma shekara da shekaru, sai a 1859 sarki ya ba su izinin suturta jikinsu, shi ma da sharaɗin kada su yi shigar matan manya.

Su kuwa ba haka suke kallon kansu ba. Labarin asalinsu na cewa 'yan'uwa bakwai ne, waɗanda abar bautarsu Badarakali ta rena. Kogi ya yi ambaliya, wani sarki ya ce su ɗauki kwandon ƙasa a ka su toshe shi, suka ƙi, don aikin ƙasƙanci ne a ganinsu. Aka kashe biyu, biyar ɗin da suka rage su ne kakannin Nadar. Almara ce, amma wanda aka rena da ita ba zai yarda an halicce shi don a taka shi ba.

A ƙarni na 19 wasunsu suka kama fatauci da amalanken shanu, suka zauna a garuruwa irin su Sibakasi da Birudunagar. Abin da ya fi burge ni shi ne mahimai, wato ɗan kason da kowane ɗan kasuwa ke zubawa a asusun jama'a. Da shi suka haƙa rijiyoyi, suka gina makarantu. Arziƙin ya jawo musu hassada, har aka far musu a Sibakasi a 1899. Ba su ja da baya ba. A 1910 suka kafa ƙungiyarsu ta Nadar Mahajana Sangam, a 1921 suka buɗe bankinsu a Tutikorin, bankin da yau ake kira Tamilnad Mercantile Bank.

Daga cikinsu Kamaraj ya fito, wanda bai yi nisa a boko ba, amma ya shugabanci jihar Madaras, wato Tamil Nadu ta yau, daga 1954 zuwa 1963, ya yaɗa ciyar da yara abincin rana a makarantu don ɗan talaka ya samu zama a aji. Shib Nadar, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na HCL a 1976, shi ma ɗan wannan al'umma ne.