Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kashe Batirin Kwamfuta Da Wuri?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar shinkafa a Haɗeja ta Jihar Jigawa. Ya ce ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu don ajiye lissafin buhuna da basussuka. Da farko batirinta kan kai awa uku, yanzu ko rabin awa ba ya yi. Yana so a gaya masa shekara nawa batir ke yi, da yadda ake kula da shi.

To Alhaji, batirin da ke cikin kwamfutarka irin wanda ke cikin wayar hannu ne, wato batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Saboda haka bayanin nan ya shafi duk mai waya, ko da bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Shi batir ana ƙidaya ransa ne da yawan cikawa da ƙarewa. In ka sha rabin caji yau ka cika, gobe ka sake shan rabi, to zagaye ɗaya ke nan. Galibin batura kan yi zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya sauka zuwa wajen kashi 80 cikin 100, kodayake kamfanin Apple ya ce na kwamfutocinsa kan kai 1,000. A aikin yau da kullum wannan kan kama shekara biyu zuwa huɗu. Ka ga ke nan kwamfuta ta hannu kan zo maka ne an riga an ci rabin ran batirinta ko fiye. Mai gyara zai iya buɗe maka rahoton batir a cikin Windows, ka ga abin da yake ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa. Wannan shi ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗi.

Me ke sa ya tsufa? Mutanen fadamar Haɗeja sun san yadda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa, har ruwan da zai kai gona ya ragu. Haka nan a cikin batir akwai wani ɓawo da ke taruwa sannu a hankali, yana cinye sinadarin litiyam, yana tare wa wuta hanya. Ba a iya kankare shi, sai dai a rage masa saurin taruwa. Babban abin da ke ƙara masa sauri kuwa shi ne zafi.

Nan ne matsalar take a wajenmu. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin zafi na iya raunana batir har abada. A Haɗeja kuwa da bazara, musamman watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, balle a cikin shago mai rufin kwano ko motar da aka kulle a rana. Don haka kada a bar kwamfuta a mota ko a rana. In da hali a yi caji da safe ko da dare. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin suna toshe kafofin da fankarta ke fitar da iska; a ɗora ta a kan tebur ko allo. Bayan hunturu kuma a kai ta a share mata ƙura.

Abu na biyu, kada a riƙa barin batir ya mutu murus. Maganar da ake yi wai sai an ƙarar da shi kafin a sa caji, ta tsofaffin batura ce na da. Shi na litiyam ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80. Mun san inda wuta ba ta tsayawa dole mutum ya cika in ta samu, kuma ba laifi. Abin gudu shi ne a bar shi cike dam, a jone, cikin zafi, kwana da kwanaki. Kwamfutoci da yawa irin su Lenovo da Dell suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika. In kuma za a ajiye ta tsawon watanni, a bar mata rabin caji, a kashe ta, a sa a wuri mai sanyi.

Na uku, caja. A nemi wadda ta dace da kwamfutar, domin araha ba ta ado. In da janareto ake caji, a zare caja kafin a tayar da shi ko a kashe shi.

Sai batun ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san a damina sai an ɗaga kaya sama. In kwamfuta ta jiƙe, kada a kunna ta, kada a sa mata caji, kada kuma a tura ta cikin buhun shinkafa wai ta bushe. A kai wa mai gyara.

A ƙarshe, in ka ga jikin kwamfuta ko waya ya kumbura, to a daina aiki da ita nan take. Kada a huda batirin, kada a jefa shi a wuta ko a kogi. Abin ba wasa ba ne: a 2006 kamfanin Dell ya janye batura sama da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda haɗarin gobara.

Naka dai, Alhaji, da alama ya tsufa, sai canji. Kafin nan ka kwafe lissafinka a wani wuri, ko a littafi, kada wata rana ta mutu da bashin da kake bin mutane.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.